Addu'a da Sadaka a Matsayin Sharar Fagen Sulhu: Misalin Ƙungiyar Sant'Egidio a Ƙasar Mozambik

Gabatarwa

Duk lokacin da fitina ta auku a wata ƙasa, abu biyu ne masu addini suka saba yi tun kafin hukuma ta ce uffan. Na farko, sukan taru a wuraren ibadarsu su roƙi Allah ya kawo zaman lafiya. Na biyu, sukan kafa asusu su tara gudummawa saboda marayu da 'yan gudun hijira da waɗanda yunwa ta galabaitar. Da wuya a sami mai musun kyawun waɗannan ayyuka. Inda ake samun saɓani shi ne a kan amfaninsu wajen tsayar da yaƙin kansa. Masana siyasa da dama suna ganin cewa mai bindiga ba ya ajiye ta sai an fi ƙarfinsa, ko kuwa ya hango ribar ajiyewar. A wurinsu addu'a sanyaya zuciya ce kawai, sadaka kuwa ɗaurin rauni ce bayan an riga an yi sara.

Wannan lacca za ta auna wannan ra'ayi da abin da ya faru a ƙasar Mozambik, inda wata ƙungiyar mabiya ɗarikar Katolika ta birnin Rum, wadda ba ta da soja ko baitulmali, ta shiga tsakanin gwamnati da 'yan tawaye har aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 4 ga Oktoba, 1992. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amanar da mai shiga tsakani ke buƙata a hankali ake tara ta, kuma a Mozambik shekarun addu'a da sadaka ne suka tara ta. Daga bisani za a duba inda ƙarfin wannan hanya ya tsaya, domin yana da iyaka.

Asalin Ƙungiyar

An kafa ƙungiyar a shekarar 1968. Wanda ya assasa ta, Andrea Riccardi, ɗalibin sakandare ne mai shekara 18 a lokacin. Shi da abokan karatunsa suka riƙa taruwa suna karanta Littafi Mai Tsarki, sa'an nan su fita zuwa unguwannin bukkoki da ke gefen birnin Rum, inda talakawan da suka yi ƙaura daga kudancin Italiya suke zaune, su koyar da 'ya'yansu karatu da yamma ba tare da karɓar ko kwabo ba. A 1973 suka sami mazauni a wani tsohon gidan mata masu zaman zuhudu a unguwar Trastevere, mai haɗe da wata ƙaramar majami'a da ake kira Sant'Egidio. Daga nan ne sunan ya bi su, ana kuwa furta shi Santejidiyo.

Akwai abubuwa biyu game da tsarin ƙungiyar da ya kamata a riƙe. Na ɗaya, galibin 'ya'yanta ba limaman coci ba ne. Malaman makaranta ne da likitoci da ma'aikatan ofis da ɗalibai, kowa da sana'arsa, aikin ƙungiya kuwa na sa kai ne. Na biyu, kowace yamma sukan taru su yi addu'a, kuma kowane ɗan ƙungiya yana da wani mabuƙaci da yake kula da shi ido da ido, ko dattijon da ba shi da kowa, ko mai kwana a titi, ko baƙon da ya shigo ƙasar ba shi da masauki. Tun daga 1982 suke shirya walimar Kirsimeti a cikin babbar majami'ar Santa Maria ta Trastevere, inda ake jera tebura matalauta su zauna su ci tare da masu hidimar. Hukumar Vatikan ta amince da ƙungiyar a 1986, ta kuma yaɗu zuwa ƙasashe fiye da 70.

Yaƙin Mozambik

Mozambik ta sami mulkin kai daga hannun Fotugal ranar 25 ga Yuni, 1975, a ƙarƙashin jam'iyyar Frelimo da shugabanta Samora Machel. Sabuwar gwamnati ta ƙwace makarantu da asibitocin mishan tun a wannan shekara, a 1977 kuma jam'iyyar ta bayyana cewa aƙidar gurguzu ta Markisanci take bi. Cocin Katolika ya fi kowa shan matsi, saboda ana ganinsa abokin tafiyar Turawan mulkin mallaka, amma Musulmin ƙasar ma, waɗanda suka fi yawa a arewa da bakin teku, sun ɗanɗana nasu rabon.

A ɗaya gefen, gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya ta taimaka aka kafa ƙungiyar tawaye ta Renamo, domin Mozambik tana ba mayaƙan neman 'yancin Zimbabuwe mafaka. Da Rodeshiya ta faɗi a 1980, sai gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta karɓi rainon Renamo, wadda Afonso Dhlakama yake jagoranta. Yarjejeniyar Nkomati da aka ƙulla tsakanin Mozambik da Afirka ta Kudu a watan Maris na 1984 ba ta kashe wutar ba. Aka ƙone ƙauyuka da makarantu da ɗakunan shan magani, aka datse hanyoyin mota da na jirgin ƙasa, ga fari ya zo ya haɗu da yaƙi. An ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan ɗaya ne suka halaka, yawancinsu saboda yunwa da cuta, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma suka tsere zuwa ƙasashen maƙwabta, musamman Malawi. Machel ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 19 ga Oktoba, 1986, Joaquim Chissano ya gaje shi.

Babban cikas ga sulhu shi ne kowane ɓangare ba ya ganin ɗayan a matsayin wanda ya cancanci a zauna da shi. Gwamnati tana kiran Renamo 'yan fashi da makami, Renamo kuwa ba ta yarda cewa gwamnatin halattacciya ce ba. Ƙasashen da za su iya shiga tsakani kuma kowace tana da ɓangaren da take goya wa baya, ko kuwa ana zarginta da haka.

Yadda Sadaka ta Buɗe Ƙofa

Dangantakar Sant'Egidio da Mozambik ta faro ne a 1976, sa'ad da wani matashin bishop na birnin Beira, Jaime Gonçalves, ya je Rum ya saba da 'yan ƙungiyar, ya kuma kai musu kukan halin da cocinsa yake ciki. Dabarar da suka yi abin lura ce. Sun san cewa Jam'iyyar Kwaminis ta Italiya tsohuwar ƙawar Frelimo ce tun zamanin yaƙin neman 'yanci, saboda haka a farkon shekarun 1980 suka haɗa bishop ɗin da shugabanta Enrico Berlinguer, domin ya sa baki gwamnatin Maputo ta sassauta wa masu addini. Watau sun nemi wanda ake jin maganarsa a gidan, maimakon su tsaya daga nesa suna la'anta.

Da yunwa ta tsananta, sai ƙungiyar ta shiga neman gudummawa a Italiya. Aka tara abinci da magunguna da tufafi da kayan noma, aka aika da su a jiragen sama tun daga 1984, daga baya kuma a jiragen ruwa. Riccardi da wani limamin coci mai suna Matteo Zuppi suka je Maputo da kansu, suka gana da ministoci. Gwamnatin da take ɗaukar coci abokin gaba ta ga wasu Kiristoci sun kawo agaji ba su gindaya sharaɗi ba, ba su kuma ce sai mabiyansu za a ba ba. A ɗaya hannun, ƙoƙarin da ƙungiyar ta yi na ceto ma'aikatan mishan da Renamo take tsare da su ya sa ta san hanyar isa ga 'yan tawayen. A 1988 ta taimaka wa Gonçalves, wanda a lokacin ya zama akbishop, ya shiga dajin Gorongosa a asirce ya gana da Dhlakama. Su biyun 'yan lardin Sofala ne. A watan Satumba na wannan shekara kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Mozambik, abin da ya nuna cewa tsamin da ke tsakanin gwamnati da coci ya ragu ƙwarai.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta game da sadaka. Kayan agajin da aka aika ba su kai su ciyar da ƙasa mai mutum miliyoyi ba. Amfaninsu mafi girma shi ne sun zama shaida. Wanda ya ciyar da mayunwaci shekara da shekaru bai nemi komai ba, in ya zo da maganar sulhu ba a yi masa tambayar da ake yi wa manyan ƙasashe, watau me yake nema a ciki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin haɗuwar farko da Gonçalves da zaman sulhu na farko shekara 14 ne cur.

Zaman Sulhu a Birnin Rum

An gwada wasu hanyoyi kafin a kai ga Rum. A 1989 shugabannin cocin Mozambik, ciki har da bishop na Angilika Dinis Sengulane, sun gana da wakilan Renamo a Nairobi, aka kuma ɗora wa Shugaba Moi na Kenya da Shugaba Mugabe na Zimbabuwe aikin shiga tsakani. Amma gwamnati tana ganin Kenya ta karkata ga Renamo, ita kuwa Renamo ta san sojojin Zimbabuwe suna cikin Mozambik suna yaƙarta. Zaman da aka shirya a Blantyre ta Malawi a watan Yuni na 1990 ya watse tun ba a fara ba.

Ranar 8 ga Yuli, 1990, ɓangarorin biyu suka zauna gaba da gaba karo na farko a gidan Sant'Egidio. Armando Guebuza, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, shi ya jagoranci wakilan gwamnati, Raul Domingos kuma na Renamo. Mutum huɗu suka zauna a tsakani: Riccardi, da Zuppi, da Akbishop Gonçalves, da Mario Raffaelli a madadin gwamnatin Italiya. Da farko 'yan kallo aka kira su, sai da tafiya ta yi tafiya ɓangarorin suka amince su zama masu sulhu sosai. A sanarwar farko da aka fitar, kowane ɓangare ya yarda cewa ɗayan ɗan ƙasa ne ɗan'uwansa. Ga wanda bai san tarihin ba wannan ƙaramar magana ce, amma ita ce ta rushe kalmar 'yan fashi.

Aka yi wata 27 ana fafatawa, cikin zama 11. A watan Disamba na 1990 aka amince da tsagaita wuta a hanyoyin Beira da Limpopo kaɗai. A watan Oktoba na 1991 aka sa hannu a ƙa'idojin tushe, inda Renamo ta yarda za ta mutunta hukumomin ƙasa, gwamnati kuma ta yarda ba za ta yi dokar da ta saɓa wa abin da aka amince a Rum ba. Daga nan aka bi da batun jam'iyyu, da dokar zaɓe, da kafa rundunar soja guda. A tsakiyar 1992 wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Fotugal da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo a matsayin 'yan kallo. A watan Agusta Chissano da Dhlakama suka haɗu a Rum, ranar 4 ga Oktoba kuma suka sa hannu a babbar yarjejeniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da dakarunta, aka kwance ɗamarar mayaƙa, aka yi zaɓe a watan Oktoba na 1994. Chissano ya ci shugabanci, Frelimo ta sami kujera 129 a majalisa mai kujera 250, Renamo kuma ta sami 112.

Matsayin Addu'a

Karɓar addu'a na Allah ne, kuma ilimin zaman jama'a ba shi da ma'aunin da zai auna shi. Abin da ilimi zai iya dubawa shi ne abin da taron addu'a yake yi wa masu yinsa.

Da farko dai yana hana mantuwa. Yaƙin da ya daɗe yakan fita daga bakin jaridu, masu ba da agaji su juya wani wuri. A cikin al'adar Sant'Egidio akwai addu'ar zaman lafiya ta wata-wata, inda ake kiran sunayen ƙasashen da ake yaƙi a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, a kunna wa kowace kyandir. Jama'ar da take jin sunan wata ƙasa kowane wata ba za ta rasa mai sa hannu a aljihu saboda ita ba. Ta nan ne addu'a take ciyar da asusu.

Har ila yau taron addu'a yana koyar da haƙuri. Jakadan gwamnati yana da wa'adi, yana da zaɓen da ke gaban maigidansa, ana iya yi masa canjin wurin aiki. 'Yan ƙungiyar da suke taruwa kowace yamma tun 1973 ba su da ranar tashi. An zarge su da jan ƙafa a lokacin zaman, amma sun nace cewa yarjejeniyar da aka tilasta wa mutane ba ta daɗewa, gara a bar su su kai ga matsaya da ƙafafunsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Bugu da ƙari, addu'a ta haɗa su da mabiya sauran addinai. Ranar 27 ga Oktoba, 1986, Paparoma John Paul na Biyu ya gayyaci shugabannin addinai zuwa garin Assisi, Kiristoci da Musulmi da Yahudawa da mabiya addinan Asiya da na gargajiya, domin a yi azumi a roƙi zaman lafiya. Tsarin da aka bi shi ne kowane addini ya keɓe a wurinsa ya yi addu'a bisa koyarwarsa, sa'an nan a hallara a fili guda, domin kada a cuɗanya ibada. Tun daga 1987 Sant'Egidio ta ɗauki nauyin maimaita wannan taro kowace shekara a birane daban-daban. Sanayyar da ake ƙullawa a irin wannan taro ita ake nema ranar da rikici ya tashi a ƙasar da Kiristoci ba su da rinjaye.

Inda Ƙarfin ya Tsaya

Kuskure ne a ce addu'a da sadaka su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin. Duniya ta riga ta juya. Yaƙin cacar baka ya ƙare, Tarayyar Sobiyet ta daina ɗaukar nauyin ƙawayenta, an saki Nelson Mandela a watan Fabrairu na 1990, Afirka ta Kudu ta janye hannunta sannu a hankali. Mozambik da kanta ta yi sabon tsarin mulki mai jam'iyyu da yawa a ƙarshen 1990. Farin 1991 zuwa 1992 kuma ya kai har yankunan Renamo sun rasa abin da za su ciyar da mayaƙansu. Kowane ɓangare ya gane ba zai ci nasara da bindiga ba. Abin da ya rage shi ne wurin zama da mutanen da za a yarda da su, wannan gurbi kuwa shi ƙungiyar ta cike.

Haka kuma kuɗin sadaka ba su ne suka ɗauki nauyin sulhun ba. Gwamnatin Italiya ce ta biya galibin kuɗin zaman, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta buɗe asusu na musamman domin mayar da Renamo jam'iyyar siyasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misalin Aljeriya ya ƙara fito da wannan iyaka. A watan Janairu na 1995 jam'iyyun adawar ƙasar, har da ta masu kishin Islama wadda aka soke, suka sa hannu a wata takardar shawarwarin sulhu a gidan Sant'Egidio. Gwamnatin Aljeriya ta yi watsi da ita, ta ce katsalandan ne, aka ci gaba da zubar da jini shekaru bayan haka. Inda mai ƙarfi bai gaji da yaƙi ba, kyakkyawar niyyar mai shiga tsakani ba ta isa. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda masu ruwa da tsaki suke son mafita bayan juyin mulkin Fabrairu na 2010, wakilan hukumomin riƙon ƙwarya da na jam'iyyu sun je Rum a watan Oktoba na wannan shekara sun sa hannu a takardar alkawari, aka kuma mayar da mulki hannun farar hula a 2011.

A Mozambik ɗin ma akwai abin da aka bari a baya. An yi afuwa ga kowa, ba a gurfanar da masu kisan gilla ba, ba a kuma kafa hukumar bin diddigin gaskiya ba. A 2013 faɗa ya sake tashi tsakanin gwamnati da Renamo, sai a watan Agusta na 2019 aka ƙulla wata yarjejeniya a Maputo tsakanin Shugaba Filipe Nyusi da Ossufo Momade, wanda ya gaji Dhlakama bayan rasuwarsa a 2018. A 2017 kuma wata sabuwar fitina ta ɓarke a lardin Cabo Delgado na arewa. Duk da haka, shekara 20 na kwanciyar hankali da yarjejeniyar Rum ta samar su ne suka ba 'yan gudun hijira damar komawa gonakinsu.

Sadaka Bayan Sulhu

Masu addini ba su naɗe tabarmarsu ranar sa hannu ba. A 1995 Majalisar Kiristocin Mozambik, bisa jagorancin Bishop Sengulane, ta fara wani shiri na karɓar bindigogin da ke ɓoye a hannun jama'a, a ba mai su keken ɗinki, ko keken hawa, ko fartanya, ko kayan gini. Akan yanyanka bindigogin, maƙera masu fasaha su ƙera siffofi da su. Ɗaya daga cikinsu, wata kujera da aka haɗa da gutsattsarin bindigogi, tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A 2002 kuma Sant'Egidio ta buɗe shirin ba da maganin cutar ƙanjamau kyauta a Mozambik, a lokacin da ake cewa irin wannan magani ya fi ƙarfin Afirka, daga baya shirin ya yaɗu zuwa wasu ƙasashen nahiyar.

Kammalawa

Masu cewa addu'a da sadaka ba sa tsayar da harsashi suna da gaskiya ta fuska guda, domin a Aljeriya ba su tsayar ba, a Mozambik ma sai da yanayin duniya ya canja. Abin da suka manta shi ne, ranar da mayaƙa suka gaji, tilas su sami wanda za su amince wa, irin wannan mutum kuwa ba ya samuwa sai in ya riga ya yi shekaru yana hidima. Daga tarihin Sant'Egidio ana iya fitar da sharuɗɗan wannan amana: a ba da agaji ba tare da tambayar addinin mabuƙaci ko jam'iyyarsa ba, a ɗore a kan aikin ko an daina jin labarin ƙasar a rediyo, a yarda a zauna da wanda kowa yake ƙyama, a kuma san lokacin da za a kira hukumomi su ɗauki abin da ya fi ƙarfin ƙungiya. Duk jama'ar da take taruwa domin roƙon zaman lafiya, tana kuma zagayawa da ƙwaryar gudummawa, ya kamata ta auna kanta da waɗannan sharuɗɗa tun fitina ba ta iso ƙofarta ba.